Injin ban-ruwan kawu

Duk wanda ya bi ta makarantar fasaha ya san zanen nan na inji mai bugu huɗu da ake yi a allo: shaƙar mai da iska, matsewa, ƙonewa, fitar da hayaƙi. An haddace, an rubuta a jarrabawar NABTEB, an ci. Amma ka tambayi ajin su nawa suka taɓa riƙe fistin a hannu, sai ka ga ana kallon juna.

A dogon hutun da ya wuce na koma gida Dawakin Tofa, na tarar da ƙanina da abokansa huɗu cikin wannan hali. Gyaran mota suke karanta a wata makarantar fasaha, shekara biyu ke nan, kuma mota ɗaya gare su, tsohuwar Fijo 504 da ba a yarda su kwance ko noti a jikinta ba, wai kar ta lalace. Motar da ba ta tashi fa! Su kuwa sa'anninsu da ke gareji a Dawanau tuni suna sauke giya. Abin da yaran ke tsoro shi ne su gama da takarda, a kawo musu mota su rasa ta inda za su fara.

Ni ba ni da mota. Abin da muke da shi injin ban-ruwan kawu ne, Honda GX160, wanda ya daina tashi tun ƙarshen rani. To ai shi ma bugu huɗu ne, silinda ɗaya ce kawai. Muka shimfiɗa buhu a zaure muka kwance shi. Na sa kowa ya juya injin da hannu yana kallon bawul biyu, har suka gane da kansu cewa sai ƙaramshaf ya zagaya sau biyu kafin a yi ƙonewa ɗaya. Wannan layi yana cikin littafinsu, amma a ranar ya zauna musu. Muka wanke kafireta, muka saita bakin fulogi a milimita 0.7, tazarar bawul ɗin shiga 0.15, na fita 0.20. Doka ɗaya na kafa: ba mai canza kaya sai ya faɗi dalili. Akwai mai? Akwai wuta? Akwai matsi? Nan ne ɗan makaranta ya fi yaron gareji, wanda sau da yawa canje-canje yake yi har a dace, mai mota yana biya.

Kawu dai bai yarda da mu ba. Kullum sai ya leƙo ya ce, “Kai, in kuka ɓatar min da noti ɗaya, ku za ku yi ban-ruwan da guga.” Kwana na huɗu injin ya tashi a ja na biyu.

Injin ban-ruwa ba zai koya musu komai da komai ba. Motocin kwatano da suka cika hanyar Katsina ba su da kafireta, kwamfuta ce ke auna musu mai, kuma tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin OBD-II da ake jona na'urar gano matsala. Wannan sai an san lantarki. Shi ya sa a hutu mai zuwa za mu hau kan wayarin babur Boxer, kafin mu nemi garejin da zai bari su ga na'urar tana aiki.

Wanda ke da mitar auna wuta da zai iya ba da aro na sati biyu, ya neme ni a sashenmu kafin a fara jarrabawa.