Yini Guda A Tekun Malita

Ɗanmu na fari yana aikin jinya a wani asibiti a ƙasar Malta, watau Malita wadda muke karanta labarinta cikin Ayyukan Manzanni sura 27 da 28. Ya daɗe yana roƙonmu mu kai masa ziyara. Da Ubangiji ya buɗe hanya sai muka tafi mu uku, ni da uwargida da surukata, wadda yara suke kira Kaka.

Malita ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar Bahar Rum. Tsawonsa mil 17 ne, fāɗinsa mil 9, amma mutanen ƙasar sun wuce rabin miliyan. Sun karɓi mulkin kai daga hannun Ingila a 1964, shekara huɗu bayan namu. Yawancinsu 'yan Katolika ne, harshensu kuwa daga Larabci ya fito. Da muka shiga sujada muka ji suna kiran Allah da sunan Alla, a kasuwa kuma na ji mai kifi yana cewa hamsin, sittin, kamar a kasuwar Bukuru nake.

Tun muna gida Kaka ta ce abu ɗaya take so, ta ga wurin da jirgin Bulus ya fashe, ta kuma gan shi daga cikin ruwa, yadda shi ya gan shi. To, a nan wuyar take. Kaka ba ta iya tafiya daga Jos zuwa Akwanga a mota ba tare da leda a cinya ba. Uwargida ma ta gado ta. Akwai kuma matar ɗanmu, wadda take da juna biyu a lokacin. Ni dai na ce ba ruwana da wannan, gama na sha ƙetare Binuwai cikin kwalekwale tun ina saurayi.

Ɗanmu da abokan aikinsa biyu suka haɗa kuɗi domin su yi shatar jirgi na yini guda. Akwai jiragen haya masu araha da suke kwasar baƙi, amma in ka shiga irinsu ba ka da ikon cewa a tsaya ko a juya, ko da tsohuwarka tana mutuwa. Saboda haka suka nemi irin jirgin da ake kira katamaran. Ku ɗauka an jera dogayen kwalekwale biyu, an bar fili a tsakaninsu, aka gina ɗaki a bisansu. Kowane kwalekwale da injinsa. Namu ya kai ƙafa 45 a tsawo, fāɗinsa kuma wajen rabin haka. Wannan fāɗin shi ne amfaninsa. Jirgi mai ciki ɗaya yakan kwanta dama ya kwanta hagu kamar gangar da ake mirginawa, amma wannan ya tsaya kamar mutumin da ya ware ƙafafunsa. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ban da na jirgin, akwai ladan matuƙi, man da aka ƙone kuma lissafinsa dabam ne. Da na ji jimlar sai na yi shiru, na bar wa masu albashin Turai.

Daren da za mu tafi ɗanmu ya tara mu ya yi mana karatu irin na asibiti. Ya ce jirin teku ba ciwon ciki ba ne, daga kunne yake farawa. Can cikin kunne akwai waɗansu 'yan hanyoyi masu ruwa, su ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana tsaye ko yana tangaɗi. In kana zaune cikin ɗakin jirgi, ido yana ganin bango da tebur ba su motsi, kunne kuwa yana cewa ana jijjiga ka. Shaidu biyu sun saɓa, sai zuciya ta tashi. Maganin shi ne a zauna a waje inda iska take, wajen tsakiyar jirgi, a kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Kada a yi karatu, kada a duba waya. A ci abu marar maiƙo, amma kada a tafi da ciki wofi. Ya ba Kaka da uwarsa ƙwayar maganin jiri awa biyu kafin mu shiga, gama in amai ya riga ya fara ƙwayar ba ta zama. Matarsa kuwa bai ba ta kome ba sai shayin citta da busasshen burodi. Ya miƙo mini ƙwaya, na ce ya riƙe abinsa.

Da sassafe muka tashi daga tashar da take kusa da Baleta, babban birnin ƙasar. Matuƙin, wani dattijo ɗan Malita, ya ce safiya ta fi lafiya domin iska takan ƙaru da rana. Muna cikin tasha ruwa lumui, har Kaka ta ce ashe abin ba wuya. Muna fita bakin ganuwa muka juya arewa maso yamma, muka fuskanci iska. A nan na koyi abin da ba a gaya mini ba. Katamaran ba ya mirgina, gaskiya ne, amma in ya tunkari raƙuman ruwa yakan yi tsalle gajere gajere, ruwa kuma yana dukan ƙarƙashin ɗakin, bam, bam, kamar ana kirɓa sakwara. Matuƙin ya dubi fuskokin mata, ya rage gudu, ya ɗan karkata jirgin don kada mu ci karo da raƙuman gaba da gaba. Nan da nan dukan ya ragu. Abin da kuɗin shata ya saya mana ke nan.

Ni fa? Na hau bene na sama domin in ga gari sosai, ban san cewa can ne lilon ya fi yawa ba. Daga nan na sauka cikin ɗaki in nemo Littafi Mai Tsarki, na zauna ina neman sura ta 27 domin in karanta wa jama'a in mun isa. Ban kai aya ta goma ba sai na ji gumi mai sanyi, miyau ya cika mini baki. Sauran labarin ba na mujalla ba ne. Yaron jirgi ya kawo mini bokiti, ya kai ni baya ya zaunar.

Ina cikin wannan hali muka shiga lungun teku da ake kira da sunan Bulus, ruwa ya kwanta. A bakin lungun akwai ɗan tsibirin dutse, ba kowa a kai, sai babban siffar manzon da aka kafa a 1845. A nan al'adar mutanen ƙasar ta ce jirgin ya fashe, ko da yake waɗansu masana suna nuna wani lungu dabam. Kowace shekara ran 10 ga Fabrairu ana hutu a ƙasar duka domin tunawa da abin. Aka kashe inji, uwargida ta karɓi Littafin ta karanta, tun da ni ba na iya duban baƙi. Mutum 276 ne cikin jirgin nan, kwana goma sha huɗu guguwa tana kora su tun daga Karita. Suka gwada zurfi da dare, suka saki anka huɗu daga baya, suka zubar da alkama cikin teku. Matuƙinmu ya ce iskar nan ta arewa maso gabas har yanzu tana zuwa da hunturu, in ta taso kuwa ba mai fita da jirgi irin nasa. Shekara da shekaru ina koyar da wannan sura, ina mamakin yadda mutane za su yi mako biyu ba su ci abincin kirki ba alhali jirginsu cike yake da hatsi. Ran nan na daina mamaki. Kaka ta tashi tsaye, ta kama ƙarfe, ta yi addu'a da Hausa da ƙarfi.

Tana cewa amin sai yaron jirgin ya ce, "Sannu, Mama." Dukanmu muka juya. Ashe Bahaushe ne daga ƙasar Nijar, tun safe yana jin maganarmu, kunya ta hana shi tanka. Kaka ta ce, "Ɗana, me ya kawo ka nan?" Ya ce ta Agadas ya bi, ya ƙetare hamada zuwa Libiya, daga can aka zuba su cikin jirgin roba. Tsakanin Libiya da Malita mil 200 ne da ɗoriya. Ya ce inji ya mutu a rana ta biyu, ba rumfa, ba bokiti, kowa yana amai a jikin ɗan'uwansa, har jirgin sojan ruwa ya tsince su. Ba duka suka kai ba. A shekarar 2016 kaɗai mutum fiye da 5,000 aka ƙidaya sun mutu ko sun ɓace a wannan teku. Na dubi kujerun laushi da muke zaune a kai, na rasa ta cewa. Kaka ta tambaye shi ko uwarsa ta san yana da rai. Ya ce kowace Jumma'a yana kiranta bayan masallaci. Ta ce to madalla, kada ya fasa. Ta kwance ƙullin dambun naman da ta ɓoye tun daga Jos, ta ba shi duka.

Daga nan muka wuce zuwa Komino, ɗan tsibirin da yake tsakanin Malita da Gozo, inda ruwa yake garau har kana ganin yashin ƙasa. Jiragen baƙi sun cika wurin, sai matuƙi ya kai mu wani lungu inda dutse ya tare iska, ya saki anka. Katamaran ba ya nitsewa da zurfi, don haka muka matsa kusa da gaɓa. Samari suka yi iyo. Ƙwayar nan tana sa barci, Kaka da 'yarta suka yi ta minshari a inuwa. Ni na sha shayin cittar surukata.

Komowa ta yi sauƙi, gama raƙuman suna bayanmu suna tura mu. Na zauna inda aka ce in zauna, idona a kan gaɓa har muka shiga tasha. Da muka sauka ƙasa ta yi ta lilo da ni har dare. Kaka kuwa ta ci tuwon semo malmala biyu, sa'an nan ta tambayi jikanta ko Sirakusa, inda Bulus ya yi kwana uku bayan ya bar Malita, tana da nisa a jirgi.