Tafiyar Oran da muka yi a bisa tabarma

Labarin wata tafiya muka kawo muku, wadda muka yi ba tare da mun bar inuwar dogon yaron da muke zubi a ƙarƙashinsa ba.

A cikin watan Disamba na 2022, ran zubi, wata ƴar ƙungiyarmu ta nemi bashin jika 150. Muka ce, "To, me za a saya, awaki ko gyaɗa?" Ta yi shiru, can ta ce ɗanta ne ya matsa mata, yana son zuwa Aljeriya kallon ƙwallo. Wasu suka fashe da dariya. Mu da ke riƙe da littafi ba mu yi dariya ba, don duk uwar da ke Damagaram ta san abin da kalmar Aljeriya ke nufi a bakin saurayi.

Mun aika an kira yaron. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Inna, Mena ce za ta buga." Ya bayyana mana cewa gasar CHAN ake ce mata, ta ƴan wasan da ke bugawa a ƙungiyoyin cikin ƙasarsu, ban da waɗanda suka tafi Turai. Za a fara 13 ga Janairu 2023, a gama 4 ga Fabrairu, kuma Nijar a birnin Oran za ta yi wasanninta. Wani mutum ne ya ce zai kai shi ta Agadas da araha.

Dokarmu ba ta yarda da bashin da ba zai haifi riba ba. Amma da mun ce a'a kawai, da yaron ya sayar da ragon uwarsa ya bi dare. Sai muka ce, "Zauna, ɗanmu, mu tsara tafiyar nan tare, kamar yadda muke lissafin kowace sana'a." Sakatariyarmu ta ɗauko allo da alli irin na yaƙi da jahilci, wani malamin lakkol ya taimaka mana da taswira.

Muka fara da hanyar arewa. Daga Guna sai Damagaram, a wuce Tanut, a isa Agadas, wajen kilomita 450. Daga nan Arlit, sai Asamaka a bakin iyaka, sai In Gezam, sai Tamanrasat. Yaron yana tsammanin in ya kai Tamanrasat ya iso. Da malam ya ɗora yatsa a kan taswira, sai ga shi daga can zuwa bakin teku akwai wajen kilomita 2000. Oran tana can ƙurewar arewa, gaɓar Bahar Rum, tana kallon Turai.

Wannan hanya kuwa mun san ta da hawaye. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, galibinsu mata da yara, da yawansu daga ƙasar Kance, maƙwabtanmu. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Har yau kuma ana kwaso waɗanda ba su da takardu daga Aljeriya, a sauke wasu a cikin rairayi, su tako wajen kilomita 15 da ƙafa zuwa Asamaka. Ɗan sandan can ba zai tambaye ka ko kallon ƙwallo ka zo ba. Takarda zai tambaya.

Sai muka koma hanya ta gari. Da farko fasfo. Na biyu biza, don Aljeriya ba ta cikin CEDEAO, katin ɗan ƙasa bai isa ba. Na uku motar Yamai, wajen kilomita 900 ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogonduci da Doso. Na huɗu jirgin sama zuwa Alje, babban birninsu, daga nan jirgin ƙasa ko mota zuwa Oran. Sannan masauki, abinci, tikitin shiga fili, canjin sefa zuwa dinari, da rigar sanyi mai kauri, don Janairu a can lokacin ɗari ne da ruwan sama. A ƙarshe muka rubuta abin da matafiya suka fi mantawa: kuɗin dawowa. Da aka haɗa, ko akwatinmu duka aka juye ba zai kai ba. Yaron da kansa ya ce, "Inna, ashe mutumin nan bai faɗa mini rabin magana ba."

Ƙwallon kuwa mun kalla. Mun yi karo-karo, dala ashirin-ashirin, muka biya mai tele da ke aiki da hasken rana. Yaran Haruna Dula suka yi canjaras da Kwango, suka ci Kamaru 1 da nema, suka fitar da Gana da ci 2 da nema. Daren nan guɗa har ta fi ta biki. A wasan kusa da na ƙarshe Aljeriya ta zuba mana 5, Madagaska kuma ta karɓe matsayi na uku, Mena ta zo ta huɗu a Afirka. Wata tsohuwarmu ta dubi yaron ta ce, "Da ka ci bashi ka je ka ga biyar ɗin nan da idonka, da wane baki za ka ba mu labari?"

Ba mu kashe masa buri ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Babbar gasar Afirka, CAN, a lokacin an shirya yin ta a Kwaddibuwa a Janairu da Fabrairu na 2024, a Abijan, Yamusukuro, Buwake, Korogo da San Pedro. Can sefa ɗinmu ke aiki, ba a neman biza, sai katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara. Ga ƴan uwa birjik a Abijan, wasu suna sayar da garba, wato acake da soyayyen kifi. Mun ba uwarsa bashin jika 40, sun sayi rago na turka, yaron ne ke yankar ciyawa. Kowane mako yana kawo zubinsa ta hannunta, a shafi na daban. Sharaɗinmu uku ne: takardu su cika, a san wanda zai sauke shi, a ware kuɗin dawowa kafin a taɓa na tafiya. Muka ce in lokaci ya yi, za mu sake tambayar lafiyar hanya wurin direbobi kafin ya ɗaga ƙafa.

Ƴan uwa, in irin wannan magana ta zo ƙungiyarku, kada ku yi dariya, kada kuma ku buɗe akwati. Ku shimfiɗa tabarma, ku kira yaron, ku ɗauko alli. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a asusunmu. Amin.