Kwana a Dajin Yankari: Shirin da ya kamata iyayen 'yan firamare su yi

Da zarar damina ta ɗauke, makarantun firamare kan fara aiko wa iyaye takardar neman izinin fita da yara yawon buɗe ido, wani lokacin har da kwana. Ɗaya daga cikin wuraren da ake yawan zaɓa shi ne Gandun Dajin Yankari. Tambayar da iyaye mata suka fi yi mini a kantin magani ita ce: "Me zan sa masa a jaka?" Amsata kullum ita ce, sai an san wurin kafin a san abin da za a ɗauka, kuma bayanin da za ki yi wa malami game da lafiyar ɗanki ya fi duk abin da ke cikin jakar muhimmanci.

Yankari yana Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Daga ƙofar shiga zuwa Sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa babu kantin magani a bayan gida, kuma layin waya ba abin dogaro ba ne. Da rani dabbobi kan taru a gefen Kogin Gaji, shi ya sa a lokacin aka fi samun damar ganin giwa, ɓauna da gwanki. A bar gida da sassafe domin a isa da rana, kuma makaranta ta bincika halin da hanya take ciki kafin ranar tafiya.

Masu fara tarbar baƙo a sansanin su ne gwaggon biri da mugun dawa, waɗanda ke yawo a tsakanin ɗakuna kamar awakin unguwa. Birai sun san leda, sun san a cikinta ake sa abinci, kuma sun fi raina yaro. A faɗa wa yara tun daga gida: ba a cin biskit a fili, ba a miƙa wa biri abinci, in ya fizge abu a bar masa, kuma a riƙa rufe ƙofa da taga. Idan biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar, domin yana iya buƙatar allurar rigakafin cutar haukan kare.

Abin da yara suka fi ɗoki shi ne ruwan Wikki. Yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin dutse, garau har ana hango yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 dare da rana. Wannan hasken ne ke ruɗin yaro, ya ɗauka ba shi da zurfi, alhali akwai inda yake shanye babban mutum. Yaron da ruwa ke ci ba ya iya ihu. Kafin ki sa hannu a takarda, ki tambaya: malamai nawa ne za su tsaya a bakin ruwa, kuma wane ne ya iya iyo a cikinsu? Idan ɗanki bai iya ba, ki rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

Batun ƙwari kuwa, da rana akwai ƙudan tsando, wanda baƙi da shuɗin tufafi ke janyowa, don haka a zaɓi kaya masu haske da dogon hannu. Da dare aikin sauro ne: a tafi da gidan sauro mai magani da man shafawa na korar sauro. Takalmi ya zama sau-ciki, kuma kowane yaro ya riƙe tocila saboda maciji da kunama. Idan tsautsayi ya gitta maciji ya sari yaro, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau; a hana shi motsi a garzaya asibiti. A lokacin hunturu asubahin daji na da sanyi, sai a haɗa da rigar sanyi da bargo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Iyaye da dama kan ɓoye larurar yaro don gudun kada a hana shi tafiya, ko don kunya. Malamin da bai san yaro na da asma ba, ba zai san abin yi ba idan numfashi ya sarƙe da ƙarfe biyun dare. Mai asma ya tafi da maganin shaƙarsa, ya kasance a kusa da shi ko da yaushe. Mai sikila yana buƙatar shan ruwa sosai, da kariya daga sanyi da gajiya, kuma a ga likitansa kafin tafiya. Mai farfaɗiya kada ya tsallake magani, kada ya shiga ruwa ba tare da babba a gefensa ba. Mai fitsarin kwance ma a sanar da malama a asirce, a sa masa ledar shimfiɗa da ƙarin wando, ba sai abokansa sun sani ba.

Duk wani magani a miƙa shi hannun malami a cikin kwalinsa na asali, tare da takarda mai ɗauke da sunan yaro, nauyinsa, yawan da zai sha da lokaci, abubuwan da jikinsa ba ya so, da lambobin waya biyu. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, ba da ajinsu ba. Kada a ba yaro asfirin. A akwatin makaranta a tabbatar akwai gishirin ORS, wanda ake haɗawa da ruwa mai tsafta daidai yadda aka rubuta a jikin ledarsa, da bandeji da sabulu.

Sai shirin zuciya. Yaron da bai taɓa kwana nesa da mahaifiyarsa ba, a fara gwada shi da kwana ɗaya a gidan kaka ko gwaggo. A bar shi ya haɗa jakarsa da hannunsa domin ya san inda komai yake. A koya masa kada ya je ko'ina shi kaɗai, har banɗaki, kuma ya faɗi duk abin da wani ya yi masa wanda bai ji daɗinsa ba. Iyaye su tabbatar malamai mata ne za su kwana da 'yan mata.

Bayan dawowa ma da sauran aiki. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan kwana 7 ko fiye da cizon. Duk zazzaɓin da ya taso a makonnin da suka biyo baya, a yi gwajin jini kafin a ba da magani, kuma a faɗa wa likita inda yaron ya je. Allah Ya kai mana su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.