Muryar Gwaggo da Nauyin Intanet

A ƙarshen watan Fabrairu na shekarar 2024 na dawo Kano daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure, ɗauke da sa'o'i shida na muryar wata tsohuwa. Waƙoƙin daɓe ta rera mini, tare da bayanin yadda mata ke yin gayya a zamanin ƙuruciyarta, kafin siminti ya zo ya raba su da madaɓi. Ba mu da dangantaka ta jini, amma Gwaggo nake kiranta kamar yadda kowa a gidan ke kiranta. Ranar da zan taho tana fama da tari, har jikanta ya ja ni gefe ya ce in akwai abin da ya rage in tambaya, kada in jinkirta.

Sautin nan a wuri guda kawai yake, cikin kwamfutata, domin na goge katin na'urar ɗaukar murya in samu wurin wata hirar. Malamin da ke duba aikina na digiri na uku yana ƙasar waje a lokacin, ya kuma ce ba zai amince da babi na huɗu ba sai ya saurari waƙoƙin da kunnensa. Saboda haka abu biyu nake nema daga intanet ɗin gidana: ya kai wa Malam muryar Gwaggo, ya kuma ajiye mini ita a wani wuri da ɓarawo ko lalacewar na'ura ba za su taɓa ta ba. Na shafe fiye da mako biyu ina ɗorawa tana faɗowa. Sai ta kai kusan rabi, in tafi duba tukunya, in dawo in tarar an ce a sake daga farko.

Da farko kamfanin da nake sayen data a wurinsa na ɗora wa laifi, kamar yadda kowa ke yi. Na kira su sau uku, kowane karo wata murya mai ladabi ta ce in kashe rauta in sake kunnawa. Na kashe, na kunna. Daga baya na fahimci shawarar ba ta banza ba ce, don takan sa na'urar ta sake neman hasumiya ta kuma share abin da ya cushe mata, sai dai magani ne na ciwon kai ga wanda ƙafarsa ta karye.

Ƙanena, wanda ya karanta ilimin kwamfuta, shi ya zo shan ruwa a farkon azumi ya tarar da ni ina huci. Abin da ya fara tambaya ya ba ni kunya.

"Yaya, kina nufin duk duniya kwafi ɗaya ne?"

Washegari ya kawo mini ma'ajiyar bayanai ta hannu, muka kwafe sautin, ya tafi da wani kwafin gidan mahaifiyarmu. Sai bayan nan ya yarda mu taɓa maganar intanet.

Abin da ya koya mini, wanda har yau nake amfani da shi, shi ne cewa abin da muke kira intanet a gida sarƙa ce mai gaɓa uku. Akwai tsakanin kwamfuta da rauta, wato wayifai. Akwai tsakanin rauta da hasumiyar kamfani. Sannan akwai tsakanin hasumiya da sauran duniya. Kowace gaɓa na iya zama mai rauni, kuma alamar da mai amfani ke gani iri ɗaya ce, wato zoben nan da ke juyawa ba ya ƙarewa. Aikin mai neman gyara shi ne ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kada ya sauya abu biyu a lokaci guda. Na yi dariya, domin ƙa'idar da ake koya mana ce a darasin tsarin sauti: in kana son gane ko sautuka biyu sun bambanta, kawo kalmomi biyu da komai nasu ya zo ɗaya sai wannan sautin.

Gaɓar farko laifina ne tsantsa. Rautar tana falo a bisa firji, ni kuwa ina aiki a ƙuryar ɗaki, da bangon bulo biyu a tsakaninmu. Ya nuna mini cewa na'urar tana watsa zango biyu, na 2.4 da na 5. Na biyun ya fi gudu amma bango na cinye shi, na farkon ya fi nisan zango amma cunkoso ya fi yawa a kansa, tunda rautocin maƙwabta da na'urori da dama a nan suke. Ni kuma na maƙale wa na 5 saboda na ga lambarsa ta fi girma. Ga kuma zafi. Bayan firji yana fitar da ɗumi, Kano kuwa a watan Maris ba ta bukatar ƙari, kuma na'ura in ta ɗau zafi takan rage aikinta da kanta don kada ta ƙone. Muka buga ƙusa kusa da tagar da ke fuskantar hasumiya muka rataye ta. Da muka leƙa jerin waɗanda ke haɗe da ita, sai ga wayoyi uku da ba na gidanmu ba. Na tuna yaran maƙwabta da na taɓa ba lambar sirri lokacin rajistar jarrabawa. Sauya lambar ya fi mini komai nauyi a rai, don haka sai na aika musu cewa a yi mini haƙuri zuwa bayan salla.

Shafuka suka fara buɗewa da sauri, amma muryar Gwaggo ta ƙi tafiya. A nan na koyi abin da ya kamata a ce duk mai binciken adabin baka ya sani kafin ya tafi fili. Gudun da kamfanoni ke tallatawa gudun saukewa ne, na ɗorawa kuwa yawanci ya fi shi ƙanƙanta ƙwarai, domin an gina tsarin ne a kan cewa mutane kallo suka fi yi. Sannan ma'aunin da suke faɗa megabit ne, alhali girman fayil da megabait ake auna shi, kuma sai bit takwas ke yin bait ɗaya. Sautin da ba a matse ba, irin wanda ake so don adanawa, yana cin kimanin megabait 10 a minti guda. Sa'o'ina shida sun kama megabait 3,600 ke nan. In gudun ɗorawa megabit ɗaya ne a daƙiƙa, ana bukatar sa'o'i takwas cur ba tare da yankewa ba. A unguwarmu ban taɓa ganin wuta ko sabis sun yi sa'o'i takwas ba su ƙifta ba.

Sandunan sabis da ke cike a fuskar rauta su ma sun yaudare ni. Ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa faɗin mutum nawa ne ke rabon hasumiyar tare da kai. Rijiya ce guda, kusancinka da ita ba ya rage yawan masu guga. Na ɗauki littafi na riƙa rubuta gudun a lokuta daban-daban na kwana uku. Na zaci tsakar dare zai fi, amma azumi ya juya lissafin: bayan tarawihi gari na kallon tafsiri da hira a waya, lokacin sahur ma kowa idonsa biyu. Sararin da na samu shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, lokacin da mutane suka koma barci.

Ranar Alhamis 14 ga Maris na shirya tsaf, sai komai ya tsaya cik. Na sauke rautar, na mayar, na cire layi na goge, na kusa zargin ƙanena da ɓata mini na'ura. Da yamma labari ya bazu cewa manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, kuma ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun shiga irin halin da nake ciki. Gaɓa ta uku ke nan, wadda ba ƙusa ba taga da za ta gyara. Ban taɓa tunanin cewa saƙona zuwa ga Malam sai ya gangara Legas, tafiyar kimanin kilomita dubu, ya shiga ruwa kafin ya isa ba. Gyaran wayoyin ya ɗauki makonni, kodayake kamfanoni sun karkata zirga-zirgar zuwa wasu hanyoyi, abin ya ɗan sassauta bayan 'yan kwanaki.

A kwanakin jiran ne na lura da yadda muke maganar wannan abu. Muna cewa sabis ya ɗauke, kamar yadda ruwan sama ke ɗaukewa, ko mu ce an ɗauke, an kawo, da lamirin nan da ba ya nuna mai aikatawa, wanda muka daɗe muna yi wa wutar lantarki. Muna cewa intanet ya yi nauyi, muna ɗorawa muna saukewa, kalmomin fatake da jakunansu. Data kuwa shanta ake yi ko cinta. A ganina duk waɗannan sun fi "yanar gizo" zama a bakin Bahaushe, domin ita fassara ce aka yi mata daga sama, su kuwa masu magana ne suka miƙa hannu cikin tsohuwar taska suka ɗauko. Sai dai lamirin "an" yana da illa ga mai neman gyara: yana sa mutum ya zauna jiran a kawo, alhali wani lokaci rautarsa ce ke gasuwa a kan firji.

A ƙarshe ƙanena ya matse sautin da tsarin FLAC, wanda ke rage girma zuwa wajen rabi ba tare da zubar da komai ba. Na ƙi yarda da MP3, domin tana yar da wani ɓangare na sautin, ni kuwa karin sauti da jan numfashin Gwaggo na cikin abin da nake nazari. Muka yanka shi gunduwa goma sha biyu, kowace rabin sa'a, yadda in ɗaya ta faɗi ita kaɗai za a maimaita. Kullum bayan asuba sai in ɗora biyu ko uku, ina zaune a tabarma ƙarƙashin taga. Safiya biyar aikin ya ci.

Amsar Malam ta zo bayan kwana biyu, gajera kamar kullum. Ya ce a gunduwa ta tara akwai wata kalma a amshi da na rubuta da dogon wasali, shi kuwa gajere yake ji, kuma ma'anar baitin ta dogara a kan haka. Ya duba ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero bai same ta ba, don haka in koma ga mai waƙar. Na kira jikan Gwaggo sau bakwai kafin ta shiga. Ya ce tana nan da sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida, amma a cikin gidan ba a samun sabis sai an hau tudun da ke bayan makarantar firamare, ita kuwa ba za ta iya hawa ba. Muka yi shawara ya ɗauki muryarta a wayarsa tana maimaita kalmar sau uku, ya hau tudun ya turo mini. Na roƙe shi ya bari sai bayan asuba.