Kafin Ka Kunna Sabuwar Na'urar Gem Ɗinka

Ranar da aka ba su hutun ƙarshen zango, ɗan kawuna da ke aji huɗu a sakandare ya kira ni yana haki kamar wanda aka biyo. Ya ce, "Yaya, Baba ya cika alƙawari! PlayStation 5 ce. Wane gem zan fara saya?" Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Amsar da na shirya masa ce nake so ku ma ku ji, ƙannena, domin na san a cikinku akwai waɗanda suka samu irin wannan kyauta, akwai kuma masu tara kuɗi.

Ni ɗan gidan gem ne. Tun ina firamare nake ɓoye kuɗin tara in kai shagon unguwarmu, inda doka ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya. Sai da na shiga jami'a na mallaki tawa, PlayStation 4 ta hannu. A nan na gane cewa gidan gem yana da wata fa'ida da ban taɓa lura da ita ba: idan kuɗinka ya ƙare, dole ka tashi. A ɗakinka babu mai tashinka.

A zango na biyu na kamu da wani wasa da ake karawa da mutane ta intanet. Kullum sai in ce saura zagaye ɗaya. Wata rana ina cewa haka har aka kira assalatu, ga shi ina da gwaji ƙarfe takwas. Na ce bari in ɗan kishingiɗa, ban farka ba sai goma saura. Maki ashirin suka tafi a banza, ƙarshe sai da na maimaita kwas ɗin. Ban manta yadda Babanmu ya kalli sakamakon ya yi shiru ba. Da ma duka ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Tun daga nan na raba wasanni gida biyu: masu ƙarewa da marasa ƙarewa. Na farko suna da labari, ka bi shi har ƙarshe ka ajiye, kamar littafi. Na biyu an gina su ne don ka dawo kullum, da ladan yau da gasar mako da sabon kaya na wata. Shawarata ga sabon mai na'ura ita ce ya fara da masu ƙarewa, da kuma waɗanda ake yi da wani a zaune kusa da kai.

Idan PlayStation 5 gare ka, kada ka yi gaggawar kashe ko sisi. A cikinta akwai Astro's Playroom kyauta, zai koya maka duk abin da hannun wasan ke iya yi. Idan ya yi maka, nemi Astro Bot, wanda ya fito a 2024 ya kuma lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards. Wani ɗan mutum-mutumi ne ke yawo yana ceto 'yan uwansa. Babu jini, babu zagi, kuma a ganina babu wasan da ya kai shi sa mutum murmushi a 'yan shekarun nan.

Na biyu shi ne It Takes Two na 2021, shi ma gwarzon shekararsa. Ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, sai biyu. Labarin mata da miji ne da ke shirin rabuwa, suka rikiɗe suka zama 'yar tsana, dole su haɗa kai kafin su koma jikinsu. Da ƙanwata muka gama shi, muna faɗa muna dariya. Sai Minecraft, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 300, inda kai ne magini, kai ne manomi. Mai Nintendo Switch kuwa ya nemi Mario Kart 8 Deluxe, kuma ya gode Allah, don na'urarsa tana da batir, ɗauke wuta ba ya katse masa wasa.

Na san tambayarku: ina ƙwallo? Wasan da muka sani da FIFA ya koma EA Sports FC tun 2023, bayan kamfanin ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Yana da daɗi, ba musu. Amma ra'ayina, bambancin na bana da na bara bai kai kuɗin da za ka ƙara ba. Idan da abokai za ka riƙa bugawa a falo, sayi na bara, ya fi araha. Akwai kuma eFootball na kamfanin Konami, magajin PES, wanda ake saukewa kyauta.

Abin da za ka yi hattara da shi a wasanni da yawa na yanzu shi ne ƙunshin sa'a: ka biya kuɗi na gaske, a buɗe maka akwati, ba ka san ɗan wasa ko kayan da zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan caca ce. Kada ka taɓa saka katin bankin iyayenka a na'ura ba da saninsu ba.

Ka kuma riƙa duba lambar da ke jikin kwali. Tsarin PEGI na Turai yana rubuta 3, 7, 12, 16 ko 18, wato shekarun da wasan ya dace da su. GTA V da ake yayi a shagunan gem 18 ne. Ba don ado aka rubuta ba. Wasan da ba za ka iya kunnawa Umma na zaune a falo ba, ka san da magana.

Sauran shawarwarin na kula da kaya ne. Idan da hali, zaɓi na'ura mai cin faifai, domin za ka iya aro, ka yi musaya, ka sayar. Wasu wasannin sun haura gigabayit 100, sauke su kaɗai zai cinye datar gidanku ta wata. PlayStation 5 tana karɓar yawancin faya-fayan PlayStation 4, kuma na hannu sun fi sauƙin kuɗi. Ka haɗa ta da sitabilaiza, kada ka fara sabunta manhajarta sai kana da tabbacin wuta, domin ɗaukewa a tsakiyar aikin na iya lalata abin da ke ciki. Lokacin hunturu ka rufe ta da ƙyalle idan ta huce, amma kada ka toshe mata iska tana aiki. Kuma kafin ka sayi gem na uku, sayi hannu na biyu.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Wannan bai shafi yawancin masu wasa ba, magana ce ta wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya danne karatu da barci da zumunci. Ni na leƙa bakin ramin, ban so ku leƙa.

Da ɗan kawun nawa ya sake kira, na ce masa ya gama Astro's Playroom tukuna, sannan mu yi maganar sayayya. Na kuma roƙe shi abu ɗaya: ya bar na'urar a falo, kada ta kwana a ɗakinsa, idan an koma makaranta kuma sai Asabar da Lahadi. Ya ja tsaki a hankali ya ce, "Yaya, kai ma ka zama Baba." Na yi dariya na ce ya shirya, ranar Asabar ina zuwa da nawa hannun, kuma dokar gidan gem tana nan: wanda aka ci shi zai wanke motar Kawu.