Cin Abinci A Gidan Mayu Na Birnin Edinbara

A Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotland, akwai wata tsohuwar hanya da ake kira Royal Mile, wadda ta taso daga fadar Holyrood ta hau tudu har ƙofar tsohuwar fadar sarakuna da ke bisa dutse. Dab da wannan ƙofa, cikin wani lungu, akwai wani gidan cin abinci da ya yi suna, ana ce masa The Witchery, wato Gidan Mayu. Ginin tun na 1595 ne, gidan abincin kuwa James Thomson ne ya buɗe shi a 1979.

Baƙon da ya shiga da dare zai tarar da kyandirori suna ci a kan tebura, bango lulluɓe da tsohon katako mai sassaƙa, kujeru kuwa na jar fata. Za a kawo masa naman shanun ƙasar, ko kifin tekunsu, ko haggis, wato kayan cikin tunkiya da aka niƙa da hatsi da albasa da yaji. Abincin ba shi da makusa, sai dai kuɗinsa ba na talaka ba ne. To, amma ba domin nama kaɗai ake biyan kuɗin ba. Abin da ke jawo jama'a shi ne duhun ɗakin da sunan gidan, sunan kuwa yana da tarihi mai ɗaci.

A 1563 aka kafa dokar da ta yanke wa mai maita hukuncin kisa a Sikotland, ba a soke ta ba sai a 1736. Binciken Jami'ar Edinbara ya ƙirga mutum 3,837 da aka tuhuma da maita, kashi 84 cikin ɗari mata ne. Da yawa daga cikinsu a kan wannan tudu aka shaƙe su aka ƙona. Ɗayarsu ita ce Agnes Sampson, ungozoma, wadda aka ce ta tayar da guguwa don ta nutsar da jirgin Sarki James na Shida. Sarkin da kansa ya yi mata tambayoyi, aka azabtar da ita har ta amsa laifi, aka kashe ta a watan Janairu na 1591.

Hausawa kan ce in maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. A nan kuwa waɗanda aka kira mayun su ne aka zalunta, kuma aka daɗe ba a tuna da su ba. Sai ran 8 ga Maris na 2022 Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotland ta lokacin, ta nemi gafara a gaban majalisa.

Ba laifi ba ne mutum ya ci abinci mai daɗi a wurin. Sai dai ya kamata ya san cewa abin da ya zama ado a yau, jiya ajalin wasu ne. Su can maita ta koma sunan gidan abinci. A wasu garuruwanmu kuwa har yanzu yaro yakan yi zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa, kafin gari ya waye an taru a ƙofar gidanta da sanduna. Mutanen Sikotland sai da suka shekara fiye da 400 bayan kashe Agnes kafin su ce sun yi kuskure. Tsohuwar da ke makwabtaka da mu ba za ta iya jira haka ba.