Daga Tiga zuwa Riruwai da Sinanci a aljihu

A hutun da ya wuce na tashi daga Bebeji zuwa Doguwa gaida kakata, da wani ɗan littafi a aljihu wanda na tsattsaga wa layi gida-gida kamar dara. Wata huɗu ke nan ina koyon rubutun Sinanci ta waya, Baba kuwa ya riga ya yanke hukunci cewa ɓarnar kuɗin data ce. Na ƙudurta sai na dawo masa da hujja.

Kafin in kama hanya na leƙa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Audu Baƙo. A bakin ruwan na rubuta 水, wato ruwa. Zane huɗu ne, kuma ba a jan su yadda aka ga dama: na tsakiya ake fara saukarwa, sannan na hagu, sannan na dama. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san irin wannan horo.

A Kwanar Dangora, cikin ƙasar Kiru, motarmu ta bar titin Zariya ta nufi Tudun Wada, inda kawuna yake gyaran babura. Nan na fara cika baki. Na nuna masa wani tsohon Jincheng, na ce da Sinanci sunan haruffa biyu ne, 金城, zinariya da birni. Harafin birnin ma yana ɗauke da alamar ƙasa, 土, a gefen hagu, domin asalin ma'anarsa ganuwa ce, irin tamu ta Kano. Kawu ya jinjina kai, ya jawo wani kwalin kayan gyara.

"To malamin Sinanci, karanta mana wannan."

Haruffa talatin na ƙirga a jikin kwalin. Uku na gane. Biyu sunan ƙasar Sin ne, 中国. Na ukun 小, ƙarami, sai na ce ai ƙaramin samfuri aka aiko masa. Kawu ya ce shi dai babba ya saya. Yaran shago suka tuntsire da dariya. Sai da na koma mota na duba waya, na ga ashe harafin da ke biye da shi 心 ne, zuciya, kuma in an haɗa su biyun ma'anarsu ita ce "a yi hattara". Gargaɗi ne ga masu lodi kada su jefar da kaya.

Ƙannena, wannan shi ne abin da ba a gaya wa mai koyo a makon farko. Haruffan da suka yi kama da hoto 'yan kaɗan ne. Yawancinsu haɗi ne, ɓangare ɗaya na nuna ma'ana, ɗaya na nuna sauti, kuma sai mutum ya san wajen 3,000 kafin ya karanta jarida. Ɗigo ɗaya yakan mai da 大, babba, ya koma 犬, kare, kamar yadda lanƙwasa ɗaya ke raba baki da baƙi.

Dajin Falgore ne ya ɗan sanyaya mini rai. 木 itace ɗaya ne, 林 biyu sun zama kurmi, 森 uku sun zama daji, ga su kuma suna wucewa ta tagar mota.

Kwana biyu da isata Doguwa muka hau babur zuwa Riruwai, garin kuza. Na zana wa yaran da suka kewaye ni 山 a ƙasa, ban ce komai ba. Wata yarinya ta dubi zanen, ta ɗaga kai, ta nuna duwatsu da yatsa.

Kawu ya yago mini gefen kwalin nan, yana cikin jakata. Yanzu na san biyar. Baba bai gan shi ba tukuna.